Maharbin da Ruwa Ya Kawo Mana

Tun da aka rushe layinmu na Misfala a Makka aka kwaso mu zuwa wannan bene na Rusaifa, abin da kunnena ya fi kewa shi ne ƙarar daka. Nan in gari ya waye ba ka jin komai sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki da hon ɗin motoci. Jikata tana da wani ɗan inji da take zuba wa gahawa da citta, ta danna masa yatsa, ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, wai shi ke nan an gama daka. Turmina na tagulla kuwa ta goge shi ta ajiye a kan teburin falo, ta cusa masa furen roba a baki. Da na yi magana sai ta ce, "Kaka, wannan antika ne, kayan tarihi, ba a daka a cikinsa." Na ce to, Allah ya ba antika haƙuri. Ba ta san inda turmin nan ya fito ba, kuma ban ga laifinta ba, don ban taɓa zama na ba su labarin daga tushe ba. Mu mutanen wancan zamani muna da wata ɗabi'a, abin da ya taɓa tsorata mu ba ma son ambatonsa ko bayan ya wuce.

Misfalar da na tashi a cikinta ba ta da ko kama da wadda alhazai suke gani yanzu. Gidajenmu na gwangwanin kananzir ne, a farke shi a buge ya miƙe, a kafa a jikin itace, a rufa da buhu da tsohon tanti. Da rana ɗaki ya yi zafi har ka ji tausayin ƙadangare. Amma da asuba, kafin rana ta leƙo ta kan duwatsu, ba unguwar da ta kai ta daɗi. Kiran salla yana zuwa daga Harami da muryar mutum tsura, ba lasifika, sai ka yi shiru kafin ka ji shi sosai. Daga nan sai gwangwanayen masu ruwa su fara karo da juna a kan hanyar famfon unguwa, raƙuma su yi ta mitarsu ana ɗora musu kaya, sannan taɓarya ta fara sauka, gida bayan gida, har unguwar ta ɗauka gaba ɗaya. Ina iya gane dakan kowace mata ba tare da na gan ta ba. Na Inna, mahaifiyata, yana da nauyi da jinkiri, kamar tafiyarta.

Da ƙafa Inna ta zo Makka. Sun baro ƙasar Kano ita da mahaifina da ƙanenta, wanda muke kira Kawu, suka yi shekaru a hanya, su yi noma nan, su tsinci auduga can, har aka haife ni a wani ƙauye na Sudan. A can aka binne mahaifina, bai ga teku ba. Inna ta goyo ni ta ƙarasa. Ba mu da wata takarda ta zama, kamar yawancin maƙwabtanmu, kuma ba mai tambaya muddin ba a ji sunanka a bakin hukuma ba. Inna ba ta da dogon buri. In ta gama salla takan shafa ƙasa da tafin hannu ta ce, "Ni dai wannan ta rufe ni, ban roƙi ƙari ba." Tun ina yi mata dariya har na girma na gane da gaske take yi. Duk wahalar da ta sha, ladan da take jira a duniya shi ne a sallace ta a Harami a kai ta maƙabartar garin nan.

Sana'armu daka. Manyan gidajen da ke sama da Harami, masu hawa-hawa da tagogin katako, ba sa daka da hannunsu, sai su kira matan Takari, wato mu baƙaƙen fata da muka tsallako teku. Mu daka musu alkama, mu daka gahawa da lalle da kayan yaji, a sallame mu da abin da ya sawwaƙa, wani lokacin har da sauran abinci. Kawu kuma mai ruwa ne, yana rataya gwangwani biyu a sanda ya hau benaye da su. A lokacin da abin nan ya faru na zama budurwa, har Inna ta fara barina ina zuwa wasu gidajen ni kaɗai, don gwiwoyinta sun soma ƙin hawan tudu.

Ruwan sama a Makka baƙo ne, amma in ya zo ba ya sallama. Duwatsu ba sa sha, duk abin da ya zuba sai ya gangaro, ya bi ta tsakiyar gari, ya ƙare a kanmu, don mu ne a ƙasa. A waccan shekarar an yi wani da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Mun tsira a kan tudu, muna kallon rufin ɗakunanmu suna iyo. Da ruwa ya janye sai ya bar mana laka har ƙwauri, da kayan mutanen sama a cikinta: ƙofofi, tabarmi, tukwane, akwatin da ya fashe, takalmi wari ɗaya. Yaran yanzu za su ce ai arziki ne ya zo har gida. A wurinmu kuwa tashin hankali ne, saboda tsintuwar Makka ba kamar ta sauran garuruwa ba ce. A wani wuri in ka yi cigiya ka gaji, abu yana iya zama naka. A nan ba ya zama naka har abada. Ko ka bar shi inda yake, ko ka ɗauka ka yi ta cigiya har mai shi ya zo. Inna ta sha ja mini kunne: "In kin gani ki wuce. In hannunki ya ɗaga, ya hau wuyanki."

To, ina kwashe laka a bakin ƙofarmu sai ƙafata ta yi karo da wani abu mai nauyi, naɗe a cikin yagaggen bargo. Gindinsa kaɗai ya fito, zagayayye, ya yi kore irin na tsohuwar tagulla. Ban yi wata shakka ba na ce turmin gahawa ne, irin wanda nake dakawa a gidajen sama. Har na fara lissafin gidajen da nake zato, ina murnar zan mayar wa wata uwar gida kayanta ta sa mini albarka. Na ciccibe shi na kai bayan ɗaki, na ɗebo ruwa a gwangwanin Kawu na fara zubawa.

Ƙafa ce ta fara fitowa. Ƙafar mutum, da yatsunta biyar, har da farce. Na tsaya da moɗa a hannu, sannan na ci gaba da zubawa, don hannuna ya ƙi tsayawa. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Namiji ne ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya tokare dutse da ɗaya ƙafar, ya miƙe hannun hagu da baka, ya ja na dama har bayan kunne. Ba tsirkiya a bakan, ba kibiya, amma duk wanda ya kalle shi zai rantse yanzu zai saki. A kansa akwai fatar zaki, haƙoran sun sauko masa a goshi, ƙafafun zakin an ɗaure su a ƙirjinsa. Ban da wannan fatar ba ko ƙyalle a jikinsa. Jijiyoyin damtsensa sun tashi kamar na Kawu in ya ɗauki ruwa. Ni da ko hoton mutum ban taɓa gani ba, na tsuguna ina kallonsa, tsoro ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, ya ba ni sha'awa. Ban san hannun ɗan Adam yana iya yin abu haka ba.

A haka Inna ta same ni. Ta kalle shi sau ɗaya, ta ja mayafinta ta rufe shi, ta zauna daɓas a cikin laka tana salati.

"Ke kika ɗauka?"

"Na zaci turmi ne, Inna."

"Na ce ke kika ɗauka?"

Na ce ni ce.

Sai wanda ya zauna a wancan lokaci zai san girman abin. Gunki, a Makka, a gidan Takari. Dama can ana yi mana kallon masu sihiri, yaro ya yi zazzaɓi a gidan sama a ce wata baƙa ce ta wuce ta ƙofar. Ba a daɗe ba kafin wannan aka kama wata maƙwabciyarmu saboda an ga 'yar tsana ta tsumma a ƙarƙashin shimfiɗarta. Ta rantse ta 'yarta ce ta wasa, kuma mun san gaskiya ta faɗa, amma aka sa su a mota zuwa Jidda, daga can aka tsallakar da su teku. Ba mu ƙara jin labarinsu ba. In 'yar tsana ta yi wannan, ina ga mutum sukutum na tagulla da kan zaki?

Da Kawu ya dawo ya ɗaga mayafin, sai da ya ja da baya. Ya rage murya ya ce, "Yaya, ba wata magana. Khalas. In sa shi a gwangwani in rufe da tsumma, in jefa a tsohuwar rijiyar bayan dutse. Ko ki ba ni guduma yanzu."

Inna ta ce, "Naka ne?"

"Gunki ne, Yaya."

"Na gani. Na ce naka ne? Tagullar ta wani ce. Yarinya ta ɗaga tsintuwar Harami da hannunta. In ka jefar, ita za a tambaya ranar da ba ka nan."

"In aka gan shi fa? Kin san inda za a kai mu. Ki yi duk tafiyar nan, ki koma ki mutu a Sudan?"

Wannan ce kaɗai maganar da take iya karya Inna, kuma Kawu ya sani. Duk da haka ta ce, "Ban taka ƙasar nan don in ci amanarta ba. Za a yi cigiya." Ta juyo gare ni: "Ke za ki yi, tunda ke kika ɗauka. Ki ce tagulla, kar ki ƙara ko harafi. Mai abu shi ke faɗin kamannin abinsa."

A nan ne na ga hikimar wannan ƙa'ida. Mai cigiya ba ya bayyana abin da ya tsinta, don kar maƙaryaci ya samu abin kamawa. Ashe dokar da ta ɗaure mu ita ce kuma za ta rufa mana asiri. Inna ta ƙi yarda ya kwana a ɗakin da take salla, sai muka kife babban turminmu na itace a kansa a tsakar gida, aka ɗora masa faifai da tsummoki. Muka koma aron turmin maƙwabta, muna cewa namu ya sha ruwa ya tsage. Duk wanda ya shigo gidan, idona yana kan turmin nan. Wata rana wata tsohuwa ta zo gaisuwa ta zauna a kansa ta yi ta zuba hira, ni kuwa gumi yana bin bayana.

Haka na fara. Kullum in na gama daka sai in bi hanyar da ruwan ya biyo, daga ƙasa zuwa sama, ina tsayawa a ƙarƙashin tagogi ina ɗaga murya da Larabcina na 'yar daka: "Ya jama'ar alheri, wanda ruwa ya tafi masa da tagulla, ya zo Misfala gidan masu daka ya faɗi kamanninta." Kunya kamar ta kashe ni a farko, yara suna bina suna kwaikwayona. Masu zuwa kuwa sun zo. Wannan ya ce faranti ne, wancan ya ce buta mai dogon wuya, wata ta ce tukunyar wanki ce ta gado. Wani mutum ya zo sau uku, kowane zuwa da sabon kamanni, har Inna ta ce masa, "Ya sheikh, kai ruwan nan gidanka kaɗai ya shiga?" Kowa ya tafi sai mu sauke numfashi, sannan mu tuna abin yana nan.

Ranar da na fi jin tsoro ita ce ranar da ɗaya daga cikin masu sandar nan da ke kora mutane salla ya biyo ni har gida. Ya ji cigiyar ta yi yawa, ya ce a fito da abin ya gani. Yana tsaye, inuwarsa a kan turmin. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce masa cikin ladabi, "Ya sheikh, kai ne mai ilimi, mu jahilai ne. In ka ce ya halatta a nuna tsintuwar Harami ga wanda bai faɗi kamanninta ba, sai in nuna, alhakin ya koma wuyanka." Ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce Allah ya yi mana albarka da muka san wannan, ya fita. Tun daga ranar abinci ya daina shigar Inna sosai. Ina ganin wuyanta yana ramewa, na san ni na jawo, kuma ba abin da zan iya sai in ƙara ɗaga murya a ƙarƙashin tagogi.

Akwai wani tsohon gida a wani lungu, wanda ruwa ya ɓalle ƙofar ɗakin ajiyarsa na ƙasa. Ba mu taɓa yi musu daka ba. Na lura duk lokacin da na yi cigiya a wurin, ana ɗan ɗaga katakon taga a hawa na biyu, sannan a sake shi. Ba a taɓa yi mini magana ba. Ni kuma sai na riƙa daɗewa a wurin, ina maimaitawa, ba don na san wani abu ba, sai don nan ne kaɗai nake jin ana saurarena.

Har aka fara sanyi, laka ta bushe ta zama ƙura, mutane suka manta da ruwa. Rannan bayan azahar aka yi sallama a ƙofarmu. Wata tsohuwa ce fara, ƙanƙanuwa, lulluɓe da baƙin mayafi mai tsada da ya ga shekaru, ta zo ita kaɗai da ƙafa, abin da matan gidajen sama ba sa yi. Daga harshenta ka san jinin Turkawa ce, irin waɗanda suka rage a garin bayan mulkinsu ya wuce. Inna ta shimfiɗa mata tabarma. Ta zauna tana haki, ta kalle ni ta ce, "Ke ce mai muryar."

Inna ta ce, "Sitti, kin yi ɓatan tagulla?"

"Na yi."

"To faɗi kamanninta."

Tsohuwa ta kalli ƙofa, ta kalli katangar gwangwani, wadda ko tari ka yi maƙwabci ya ji. Ta ce, "Tana da nauyi." Inna ta ce duk tagulla tana da nauyi. Ta ce, "Tsohuwa ce, ta yi kore." Inna ta ce wannan ma kowa ya faɗa. Sai suka kalli juna, kowace tana tsoron ɗayar. Ita tana tsoron ta ambaci gunki a gaban baƙi, ya zamana faranti muka tsinta, ta tona wa kanta asiri a banza. Mu kuma muna tsoron ko turo ta aka yi.

Can sai tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Ta sauke gwiwa ɗaya a kan tabarma, ta tura ɗaya ƙafar gaba. Ta miƙe hannun hagu, ta ja na dama a hankali har bayan kunne, ta karkata kai tana duban can sama da rufinmu. Tsohuwa mai furfura, mayafi yana zamewa, ta ɗame bakan da babu shi.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, dariya da kuka tare. Inna ta rufe fuska da tafukanta tana cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi, kafaɗunta suna girgiza. Sai da muka kama tsohuwar muka zaunar da ita, don ta durƙusa ta kasa tashi. Na je na kawar da faifai, na tura turmi gefe.

Ta ɗauke shi ta ɗora a cinya kamar jariri, tana share masa ƙura da gefen mayafi. Da murya ƙasa-ƙasa ta ba mu labari. Na mijinta ne, shi ma ya gada daga mahaifinsa, wanda ya zo da shi daga wani gari na bakin teku inda manoma ke tono irinsu a gona. Ta ce ba bauta masa ake yi ba, jarumi ne na tatsuniyar mutanen da, wai ya kashe zaki da hannu ya sa fatarsa, ya kuma harbe wasu tsuntsaye da suka addabi wata ƙasa. Inna ta ce, "Mu ma muna da irinsu a tatsuniya, Sitti, amma a baki muke barinsu, ba ma zuba su a tagulla." Tsohuwa ta yi murmushi ta ce da mutanen mijinta sun yi wannan dabarar da ta huta.

Ta ce tun da zamani ya juya ta naɗe shi a bargo ta tura ɗakin ƙasa. Mijin ya rasu, ba ta iya fasa shi ba don tana ganin hannun mijin a jikinsa, ba ta kuma iya barci da daɗi ba don yana gidan. "Da ruwa ya tafi da shi, wallahi na yi sujada. Na ce Allah ya sauke mini. Sai ga ki, ya binti, kullum a ƙarƙashin tagata. Na ce zan yi shiru ki gaji. Ba ki gaji ba. Muryarki har ta dushe. Na gane kayana ne na bari a wuyan 'yar mutane, kuma na san abin da za a yi muku in an gani, ya fi abin da za a yi mini."

Inna ta ce, "To ga kayanki, Sitti. Mun fita."

"Ba zan iya komawa da shi ba. Ba zan kuma bar muku shi ba." Ta shafa kan zakin. "Nawa ne, ko? Kun shaida?"

Muka ce mun shaida.

"To mai shi ta ce a fasa."

Aka kira Kawu. Gudumar da ya so ɗauka tun ranar farko, yau aka miƙa masa ita da izini, sai ga shi yana jan jiki, wai abin ya yi kama da mutum da yawa. Matsalar ita ce ƙara. Tagulla in ta sha guduma duk unguwa sai ta ji, a zo tambaya. Inna ta dubi rana ta ce la'asar ta yi, lokacin daka ne. Muka tayar da turminmu da ya daɗe a kife, muka zuba alkama, ta ɗauki taɓarya na ɗauki tawa. Kawu ya shiga ɗaki da tsohuwa, ya naɗe maharbin a buhu. Muka fara lugude, ni da Inna, tana saukewa ina ɗagawa, har da tafi da jefa taɓarya sama, Kawu yana saukar da gudumarsa daidai da saukar tamu. Ban taɓa ganin Inna ta yi daka irin ta ranar ba. Matar da gwiwa ta hana hawan tudu, ga ta tana juyi tana 'yar waƙar dakan garinsu, hawaye yana bin kumatunta. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna cewa, "Yau kuma biki ake a gidan nan? Ashe turmin ya warke."

Da muka shiga, ba sauran mutum, sai gutsattsarin tagulla a cikin buhu, wanda ko maƙeri ba zai ce ga abin da yake da ba. Abin ya yi mini zafi, don na saba da shi, kuma na san ba za a ƙara yin irinsa ba. Amma sauƙin da na ji ya fi wannan nesa. Na ga tsohuwar ta sunkuya ta zari wani ɗan guntu, yatsun hannun daman nan da ke jan tsirkiya, ta cusa a ƙirjinta. Ta ga na gani. Kawu ya saɓa buhun ya raka ta gida. A yammacin nan Inna ta cinye tuwonta tas, ta nemi ƙari.

Bayan wani lokaci sai ga saƙo daga gidan mai tagar katako, naɗe a sabon ƙyalle. Turmin gahawa ne na tagulla da 'yar taɓaryarsa, sabon zubi, yana ƙyalli. Ta kai gutsattsarin wurin masu zubin tagulla aka narke. Ɗan aiken ya ce a faɗa wa yarinya mai murya, an ji ta zaci turmi ne, to ga turminta. Inna ta juya shi ta duba ciki da waje, ta tabbatar ba ido ba hanci, sannan ta ce, "Wannan kyauta ce daga hannun mai shi. Wannan naki ne."

Da shi aka kai ni ɗakin miji. Na daka gahawar sunan 'ya'yana a cikinsa, da ta bukukuwansu. Yana da wata ƙara siririya mai daɗewa a kunne, wadda ban ji a wani turmi ba, har maƙwabta kan ce in na fara daka sun san baƙi sun zo. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan wannan, ba wanda ya ƙara taka ƙofarmu da sanda. Da ajalinta ya zo, a ɗakinta na Misfala ya same ta, aka ɗauke ta a kafaɗa zuwa Harami aka sallace ta bayan la'asar, aka kai ta inda ta roƙa. Mata ba sa bin gawa, don haka ina gida ina daka gahawar masu zuwa gaisuwa lokacin da Kawu ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙurar maƙabarta har gwiwarsa, ya daɗe yana kallon turmin da ke tsakanin ƙafafuna.

Ya ce, "Ƙasar da ta roƙa ta rufe ta."

Jiya da jikata ta tafi makaranta na zare furen robar nan na ajiye gefe, na zuba 'yar gahawa. Hannuna ba ƙarfi yanzu, sau kaɗan na iya ɗagawa. Ƙarar tana nan yadda take.